Shuɗin da ke cin sunaye a kwamfutocin Zongo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan akawun shago a Aboabo ko Alabar a Kumasi yana kallon fuskar kwamfuta ya ga abin da zan yi magana a kai, ko da bai sa masa ido ba. Yaro ya danna maɓallin Tab, ya tsallaka daga wannan gurbi zuwa na gaba, sai rubutun da ke cikin gurbin ya lulluɓe da shuɗi tun daga harafin farko har na ƙarshe. Bai ja maus ba, bai zaɓi komai ba. Manhajar ce ta zaɓe masa. Daga nan duk maɓallin da yatsansa ya taɓa, da gangan ko bisa tsautsayi, shi zai hau kan abin da ke wurin ya share shi. In farashin kwalin madara ne, da sauƙi. In kuwa sunan ɗan wani ne da ranar haihuwarsa, lamarin ya wuce wasa.

Ra'ayina ba mai tsawo ba ne. Abin da akawu zai iya sake ɗaukowa nan take daga takardar da ke hannunsa, ko daga bakin wanda ke tsaye a gabansa, manhaja ta zaɓe masa shi duka domin aiki ya yi sauri. Abin da aka ba kwamfuta ajiya, kamar suna da lambar kati da ranar haihuwa, kada a bar shi a zaɓe kuma a buɗe a lokaci guda. Wanda ya rubuta manhajar shi ne ya yanke wannan hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma yawancin waɗanda ke rubuta wa shagunanmu ba su san sun yanke shi ba.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da rubuta ƙananan manhajoji: na lissafin kaya ga masu shagon magani, na kuɗin makaranta, na bashi ga masu sayar da shinkafa da mai a buhu da jarka. Wani zai ce ai zamanin waya ne, wa ya damu da kwamfutar tebur? To ya zagaya Asawase da Akwatia Line da Sabon Zongo ya leƙa ƙarƙashin kanta. Tsofaffin kwamfutoci ne da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, aka sayo su a Adum, wasu har yau da Windows 7 a kansu duk da cewa Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Mai shago yana son abin da zai yi aiki ko da netwok ya ɗauke, ba ya kuma son biyan kuɗin data kowane wata don kawai ya san kwalin sabulu nawa ya rage masa. Saboda haka manhajar da aka ɗora kan Microsoft Access, ko aka rubuta da Visual Basic ko C#, ita ke riƙe da littafin shago, kuma za ta jima tana riƙe da shi.

Dokar nan ta cewa sabon rubutu yana maye abin da aka zaɓe ba daga sama ta faɗo ba. A tsakiyar shekarun 1970, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Larry Tesler da Tim Mott suka rubuta wata manhajar gyaran rubutu mai suna Gypsy. Kafin ita, sai ka shiga wani yanayi na musamman kafin ka goge, ka fita ka shiga wani kafin ka saka, kuma harafi ɗaya yana iya zama rubutu a nan ya zama umarni a can. Su suka kawo tsarin da muka saba da shi yanzu: ka nuna abu tukuna, sannan ka faɗi abin da za a yi da shi, ko a yanke, ko a kwafa, ko a rubuta wani a kansa. Tesler ya koma Apple a 1980, tsarin ya bi shi zuwa kwamfutar Lisa ta 1983, ya shiga Macintosh a 1984, ya kuma bazu har Windows. Hikimar tsarin tana kan abu guda: mutum ne ke nunawa. Ido ya gani, hannu ya zaɓa, sannan a share. Ranar da manhaja ta karɓi aikin nunawa, ta bar wa mutum aikin sharewa kaɗai, to rabin hikimar ya tafi.

Ga mai rubuta manhaja kuwa, abin bai fi layi ɗaya ba. A cikin Windows akwai saƙon da ake aika wa gurbin rubutu, sunansa EM_SETSEL, ana ba shi lamba biyu: inda zaɓin zai fara da inda zai tsaya. Ka ba shi 0 da -1, ya lulluɓe komai. A Visual Basic 6, wadda ta fito a 1998 kuma har yau ba ta mutu a Kumasi ba, SelStart da SelLength ne ke wannan aiki. A C# da Java da Qt akwai umarni ɗaya da ke zaɓe duka. Ɗalibi yakan ga wannan layi a wani darasi, ya ga ya yi kyau a gurbi ɗaya, sai ya rubuta ɗan madauki ya ɗora shi kan kowane gurbi da ke cikin fom. Sau da yawa ma ba ya rubuta komai: tagogin Windows na asali da fom ɗin Access da kansu suke zaɓe duk rubutun gurbi in an shigo shi da Tab.

Bari in fara da inda shuɗin nan yake da amfani, domin kada a ce na tsane shi. Gurbin kuɗi. Manhajoji da yawa suna ajiye 0.00 a wurin tun kafin a rubuta komai. Akawu ya danna maus a gefen hagu, ɗan tsinken nan mai ƙiftawa ya tsaya a gaban sifilin farko, ya buga 200. Abin da zai fito shi ne 2000.00. Sidi ɗari biyu ya zama dubu biyu, ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya. A wani gari mai yiwuwa ido ya kama wannan da wuri, amma mu a nan muna da wata matsala ta daban. Tun watan Yulin 2007 aka sauya kuɗin Gana, aka yanke sifili huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya, amma bakin kasuwa bai gama sauyawa ba. Hajiya mai sayen buhun sukari za ta ce ta kawo miliyan biyu, tana nufin sidi 200. Akawu yana juya lissafin a kansa, yana sauraron wani mai tambayar farashi, yana kallon takardun kuɗin da ke hannunsa. Mutumin da sifilai ke yawo a kansa haka ba zai lura da sifili ɗaya da ya ƙaru a fuskar kwamfuta ba, sai da dare in aka zo rufe littafi aka ga aljihun tebur bai yi daidai da abin da firinta ta fitar ba. Daga nan sai zargi, kuma kowa ya san a kan wa zargin ke sauka. A wannan gurbi dole manhaja ta zaɓe 0.00 ɗin duka da zarar an shiga, ta Tab ko ta maus. Abin da ya fi ma shi ne a bar gurbin fayau babu komai.

Haka gurbin adadi da ake ajiye 1 a ciki: ka so rubuta 5, ka samu 15 ko 51. Haka gurbin neman kaya, inda kowane sabon nema ke share na baya. Haka kuma shagunan da ke da na'urar karanta lambar jikin kaya, domin kwamfuta tana ɗaukar wannan na'ura a matsayin kibod ne mai saurin bugu. In tsohuwar lamba ba a zaɓe take ba, sabuwar za ta manne mata a wutsiya, manhaja ta ce babu irin wannan kaya a shago alhali ga shi a hannun mai saye. Duk waɗannan, abin da ke cikin gurbin ɗan baƙo ne, zamansa na daƙiƙa kaɗan ne, kuma asalinsa yana nan a gaban akawu.

Suna ba haka yake ba. Wata Hajiya mai makarantar boko mai zaman kanta a nan unguwa ta aiko a kira ni, na tarar da ita a ofis ranta a ɓace. Ta ce, "Ɗana, kwamfutar nan tana cin sunayen yara. Ko dai yarinyar nan ce ba ta iya aiki ba, in sallame ta." Na ce, "Mma, a yi haƙuri tukuna, bari in ga yadda take aikin." Wani ɗalibi ne ya haɗa musu manhajar a kan Access, ya karɓi kuɗinsa ya bar gari. Na ja kujera na zauna a bayan sakatariyar, yarinya mai natsuwa da ta gama sakandare ba da jimawa ba. In uba ya kawo kuɗin zango, sai ta buɗe shafin ɗansa, ta yi ta danna Tab tana bi ta kan suna, da sunan uba, da ranar haihuwa, da aji, kafin ta kai gurbin kuɗi da ke can ƙasa. Kowane gurbi da ta ratsa sai ya yi shuɗi. Ana cikin haka wata uwa ta leƙo ta taga ta yi sallama, yarinyar ta ɗaga kai ta amsa, gefen hannunta ya sauka kan dogon maɓallin nan na tazara. Da ta juyo, gurbin suna fayau.

Ba ta firgita ba, don ta saba. Ta san ɗalibar da shafinta ke buɗe, 'yar layinsu ce. Sai ta sake rubuta sunan daga ka, yadda ta san shi daidai tun daga makarantar allo: Aisha. A takardar haihuwa kuwa Ayishetu ne. Ta ci gaba, ta sa kuɗi, ta wuce shafin yaro na gaba. Access ba ta tambayar kowa. Da ka bar shafi ta adana abin da ka canza. Da muka ɗauko fayil ɗin takardun haihuwa muka gwama da abin da ke cikin kwamfuta, sai ga Seidu ya koma Sa'id, Memunatu ta koma Maimuna, Fuseini ya koma Hussein, Mahamadu ya koma Mohammed. Babu sunan da ba na mai shi ba. Babu kuma wanda ya dace da takarda.

Wanda ba ɗan Zongo ba zai iya cewa to mene ne a ciki, ai suna ɗaya ne. Mu mun san mene ne a ciki. Daga rajistar makaranta ake ɗaukar sunan da za a yi wa yaro rajistar jarrabawar BECE, sunan ya bi shi zuwa sakandare, ya hau takardar WASSCE. Ranar da ya je neman gurbin karatu ko aiki ko fasfo, za a jera takardunsa a kan tebur, a ga wannan ta ce Fuseini waccan ta ce Hussein. Sai rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa, wani lokaci har da buga suna a gazet, da kuɗin mota, da rana guda ko biyu da aka bar kasuwa. Tun da aka fara rajistar katin shaida na Ghana Card ta gama-gari a 2019 abin ya ƙara tsauri, domin yanzu komai a jikinsa yake rataye: lambar haraji ta koma lambar katin a Afrilun 2021, an fara sake rajistar layukan waya da shi a Oktoban 2021, Babban Bankin Gana kuma ya ce daga 1 ga Yulin 2022 shi ne shaidar da bankuna za su karɓa. Na'ura ce ke gwama sunaye yanzu, ita kuwa ba ta san Seidu da Sa'id mutum ɗaya ne ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Dattawanmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, aka ga motoci cike da mutane suna barin zongo-zongo, ciki har da waɗanda a nan aka haife su. Har gobe ɗan Zongo da kakansa ya zo Kumasi fataucin goro tun zamanin Turawa yakan sha tambayar "daga ina kake" a gaban tebur. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da sararin da takardunsa za su yi ta saɓa wa juna. Hanyoyin da suna ke lalacewa suna da yawa: kunnen ma'aikacin da bai saba da sunayenmu ba, iyayen da ba su karanta boko ba balle su duba abin da aka rubuta, gaggawar layi. Shuɗin kwamfuta ɗaya ne daga cikinsu, kuma ƙarami. Amma shi ne wanda ke hannunmu, mu 'ya'yan unguwa masu rubuta manhajar, kuma gyaransa ba ya cin ko sidi ɗaya.

Na yi wannan magana da wani abokina da ya yi karatun kwamfuta a jami'ar KNUST, bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce haka Windows take tun fil azal: ka shiga gurbi da Tab, a zaɓe maka duka. Masu saurin bugu da ba sa taɓa maus sun saba da hakan, makafi masu amfani da manhajar da ke karanta musu fuskar kwamfuta su ma sun san abin da za su tarar. In kowane mai rubuta manhaja ya ƙirƙiro tasa al'adar, hannun akawu zai rikice tsakanin wannan manhaja da waccan. Ya ce maganin shi ne a koya wa yara Ctrl da Z na komawa baya, a koya musu cewa a Access maɓallin Esc yana dawo da abin da ke gurbi in an danna sau ɗaya, ya dawo da shafin duka in an danna sau biyu, kuma F2 yana sauke shuɗin ya bar tsinke a ƙarshen rubutu.

Na yarda a koya musu, ni ma ina koyarwa. Amma Esc yana ceton wanda ya ga ɓarnar kafin ya bar shafin ne, kuma ya san akwai abin da ya fi sake rubutawa daga ka. Gurbin rubutun Windows na asali mataki ɗaya kaɗai yake iya komawa baya. Sannan akawun shago a Zongo ba ya daɗewa; yau wannan, bayan salla ƙanen maigida, baɗi wata 'yar da ke jiran sakamakon jarrabawa. Tsarin da lafiyarsa ta dogara ga kowane sabon yaro ya haddace maɓallan ceto, ba tsari ba ne. Mahauci in zai miƙa wa yaronsa wuƙa ta ƙota yake miƙawa, ko da yaron ya shekara goma a rumfar.

Kuma ba sai an yi faɗa da al'adar Windows ba. Abin da na yi wa makarantar Hajiya bai kai aikin yini ba. Na kulle gurbin suna da na uba da na ranar haihuwa, yadda za a gan su, a iya kwafarsu, amma bugu ba zai taɓa su ba. Na cire su daga hanyar Tab, ta yadda da an buɗe shafin yaro tsinke zai faɗa gurbin kuɗi kai tsaye. Na sa wani maɓalli daban na gyara suna, wanda in an danna shi zai nuna tsohon suna a sama, sabon a ƙasa, ya tambaya ko an duba takardar haihuwa, sannan ya ajiye tsohon a wani tebur tare da ranar da aka canza shi. Sakatariyar tana nan a kan aikinta.

Akwai wata ƙaramar masifa da duk wanda ya taɓa wannan aiki ya sani. Ka rubuta cewa da an shiga gurbi a zaɓe duka, ka gwada da Tab, ya yi. Ka gwada da maus, shuɗin ya ƙifta ya ɓace. Dalili shi ne dannar maus tana fara ba gurbin hankali, umarninka ya gudana, sannan ita dannar ta ƙarasa nata aikin na dasa tsinke inda aka danna, ta rushe zaɓin. Gurbi ɗaya, hali biyu. Malalacin gyara shi ne a ce duk lokacin da aka danna maus a zaɓe duka. Na ga manhajar wani shagon kayan gini da aka yi wa haka: mai shago yana son gyara harafi ɗaya a tsakiyar dogon bayanin kaya, ya danna, komai ya yi shuɗi, ya sake dannawa, komai ya sake yin shuɗi, ƙarshe ya share layin duka ya faro daga farko yana tsaki. Gyaran kirki shi ne dannar farko, wadda ta shigo da mutum gurbin, ita ce za ta zaɓe. Ta biyu ta bar shi ya sa tsinke inda ya ga dama. Haka gurbin adireshi na Chrome da Firefox ke yi, shi ya sa ba wanda ke kuka da shi.

Tsakanin zaɓe duka da ƙin zaɓe komai akwai hanya ta uku da ba a cika bi ba, alhali ita ce ta fi nuna an yi tunani. Waɗanda suka yi zamanin Windows XP za su tuna cewa in ka zo sauya sunan fayil, har da 'yar wutsiyar nan ta .doc ko .jpg ake zaɓewa, ka rubuta sabon suna wutsiyar ta tafi, fayil ya ƙi buɗewa. Masu shagunan buga takardu sun sha wannan. Daga Windows Vista aka gyara: sunan kaɗai ake lulluɓewa, wutsiyar tana gefe ba a taɓa ta. Lambar Ghana Card ma haka ya kamata a yi mata. Tana farawa da GHA, sai lambobi tara, sai lamba ɗaya a ƙarshe. Babu dalilin da zai sa akawu ya yi ta sake buga GHA da ƙananan layukan tsakani. A kafe su, a zaɓe masa lambobin kawai. In ya buga lambar waya ta zo tara maimakon goma, kada a share masa duka a ce ya sake, a mayar da shi gurbin da tsinke a ƙarshe ya duba da kansa. In ya sa wata na 13 a ranar haihuwa, a lulluɓe 13 ɗin kaɗai. Lamba biyun nan da ake ba EM_SETSEL domin irin wannan aka yi su.

Masu makarantun Islamiyya da ke buga takardar sauka da suna cikin boko da Larabci suna da tasu damuwar. In layi ɗaya ya haɗa rubutun hagu da na dama, ka ja maus a kansa sai ka ga shuɗin ya tsage gida biyu, ya tsallake tsakiya. Kwamfutar ba ta lalace ba. Tana bin jerin da aka buga haruffan ne, ba jerin da ido ke gani ba. Magani mai sauƙi shi ne gurbi biyu, ɗaya na boko ɗaya na Larabci. Sunaye masu ɗauri irin Sa'adatu da Mu'azu kuma, a wasu manhajoji in ka danna sau biyu rabin sunan kawai ake zaɓewa, ka yi bugu ka bar guntu a baya.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne matasan da suka gano AutoHotkey da makamantanta, suna haɗa ɗan rubutun da zai kwashe bayanai daga Excel ya zuba cikin wata manhaja ba tare da hannun mutum ba: danna Tab, danna Ctrl da A, manna, sake Tab. Dabara ce mai kyau, tana rage aikin kwana uku zuwa awa guda. Sai dai makauniya ce. Ba ta san gurbin da take ciki ba, ta dai san ta aika maɓalli. In wata taga ta faɗo a tsakiyar aiki, ko kwamfutar ta yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, lissafin Tab ya goce da gurbi guda, to daga nan har ƙarshen jerin sunan uba zai zauna a wurin sunan ɗa. Windows tana da hanyar da manhaja za ta kira gurbin wata manhaja da sunansa, ta karanta abin da ke ciki kafin ta taɓa shi, ana kiranta UI Automation. Ta fi wuyar koyo, amma wanda zai taɓa rajistar mutane ɗari biyar ya kamata ya sha wannan wuyar, ko kuwa ya tsaya yana kallon kowane layi da idonsa.

An ruwaito cewa tun kafin Gypsy, Tesler ya zaunar da wata sabuwar sakatariya da ba ta saba da manhajojin lokacin ba a gaban fuskar kwamfuta, ya ce ta kwatanta masa yadda take ganin ya kamata a saka kalma ko a goge ta, ya ɗauki abin da ta faɗa ya yi aiki da shi. Mu a nan mai rubuta manhaja yakan zo da laftof ɗinsa ya nuna wa Alhaji mai shago, shi ke riƙe da maus, shi ke bugu, komai ya tafi sumul domin hannunsa ya san duk ramukan da ya haƙa. Alhaji ya ga rasit ya fito da sunan shagonsa a sama, ya ji daɗi, ya biya. Yaron da zai wuni a gaban abin yana waje yana sauke kaya daga mota. Laifin ba na mai rubutun kaɗai ba ne. Alhajin da ya taya aikin wata guda da kuɗin mako guda, ya kuma ce a gama kafin Juma'a, shi ma ya sa hannu.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, in an kawo muku manhaja, ku riƙe cikon kuɗin tukuna. Ku kira wanda zai yi aiki da ita ya zauna, mai rubutun ya koma gefe ya naɗe hannu. A buɗe shafin wani tsohon abokin ciniki, yaron ya bi gurabun da Tab, a kowane gurbi ya taɓa maɓallin tazara da gangan, a ga abin da ya ɓace da abin da ya tsaya. Ya danna gurbin kuɗi da maus ta hagu ya buga 200, ya sake ta dama ya buga 200, a karanta abin da ya fito. Ya gwada gyara harafi ɗaya a tsakiyar dogon suna. Ya canza ranar haihuwa ya wuce shafi na gaba, a ga ko an tambaye shi, sannan mai rubutun ya nuna inda tsohuwar ranar ta tafi. Minti goma ya isa. Waɗanda kuma tasu manhajar ta Access ce, mai ita ya yi nisa, akwai wuri a cikin saitunan Access da ake zaɓar abin da zai faru in an shiga gurbi: a zaɓe duka, ko tsinke ya tsaya a farko, ko ya tsaya a ƙarshe. A mayar da shi ƙarshe. Sai dai wannan saiti yana hawa kan dukkan gurabu ne har da na kuɗi, don haka a sa wanda ya iya ya cire 0.00 ɗin da ke zaune a can, in ba haka ba 200 ɗin Hajiya zai manne a bayan sifilan.